Bas mai buɗaɗɗen sama: ta cancanci kuɗinta?

Jama'a, duk wanda ya sauka a babban birni yana baƙo, ina ba shi shawara ya ba bas ɗin yawon buɗe ido ranarsa ta farko. Ita ce mai hawa biyu, samanta a buɗe, tikiti ɗaya na awa 24 ko 48, ka sauka inda ka ga dama, ka hau ta gaba.

A Landan na hau. Daga sama na ga Big Ben, shahararriyar hasumiyar agogon birnin, na ga gadar Tower da kogin Thames a shimfiɗe ƙarƙashinta, muryar mai bayani tana ba ni labarin kowane gini ta abin sa wa a kunne. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi sauri, amma ba ya nuna maka yadda gari yake haɗe. Ga dattijo ko mai yara, wallahi rahama ce.

Matsalarta cunkoso. Da yamma sai ka daɗe a tsaye, ga iska tana kaɗa ka. Shi ya sa nake cewa a hau da sassafe, a yi zagaye ɗaya cikakke ba tare da sauka ba, sannan a koma wuraren da suka burge mutum a ƙafa.