Abin da Ƙungiyar Kronos Ta Kawo Wa Shagon Gyaran Goge

Sana'ata ita ce gyaran gogen Turawa, kuma ina da ƙaramin shago a Jos inda nake aiki da almajirai biyu. Yawancin masu kawo mana kaya makaɗan coci ne da ɗaliban kiɗa, aikin kuma bai wuce sauya izgar baka, da daidaita jakin da tsirkiya ke hawa a kansa, da manne katakon da hunturu ya tsaga ba. Amma akwai wasu makaɗa a Amurka, ƙungiyar Kronos, waɗanda, ko da yake ba su san da zamanmu ba, sun sauya irin aikin da ake kawo mana.

David Harrington ne ya kafa Kronos a Siyatil a 1973, bayan ya ji kiɗan Black Angels na George Crumb a rediyo, sannan ƙungiyar ta koma San Faransisko a 1978. Mutum huɗu ne: biyu da ƙaramin goge, ɗaya da matsakaici, ɗaya da babba mai kaurin murya. Irin wannan haɗi ya daɗe a Turai, yana ta maimaita ayyukan Haydn da Beethoven, su kuwa sai suka ɗauri aniyar biyan mawallafa masu rai su rubuta musu sabon kiɗa, har abin da aka rubuta musu ya haura dubu, ciki har da Different Trains na Steve Reich a 1988.

Faifansu na 1992, Pieces of Africa, shi ne ya fi shiga raina, domin a can suka zauna da Hamza El Din ɗan Nubiya, da Obo Addy na Gana, da Foday Musa Suso na Gambiya a matsayin mawallafa masu cikakken iko da aikinsu. A 2017 kuma suka fitar da faifan Ladilikan tare da makaɗan Trio Da Kali na Mali.

Inda abin ya shafi teburin aikina shi ne shirinsu na Fifty for the Future, wanda suka soma a 2015, suka sa aka rubuta kiɗa hamsin, aka ɗora takardunsu a intanet kyauta. A da ɗalibi sai ya yi ta neman kwafin da rubutunsa ya kusa gogewa, yanzu kuwa mu muke buga musu, mu ɗinke. Sabon kiɗa yana wahalar da kaya fiye da tsoho. Wani wurin ana buƙatar makaɗi ya bugi tsirkiya da sandar baka maimakon izga, wani wurin ya ƙwanƙwasa jikin gogen da yatsa, saboda haka bakuna suna dawo mana da fenti a ƙwarzane, izga ta tsittsinke, ƙaro ya taru fari a ƙarƙashin jaki. Wasu abokan sana'a suna ganin wannan ɓarna ce. Ni ban yarda ba, domin gogen da ya fi lalacewa a hannuna shi ne wanda aka kulle a akwati shekara da shekaru ba a taɓa ba.

A halin yanzu wasu ɗalibai huɗu suna koyon Sunjata's Time na Fodé Lassana Diabaté, mai kiɗan balafon (kayan kiɗa na jerin katako da ake bugawa da sanduna), daga cikin hamsin ɗin, kuma na ware musu tsofaffin bakuna na atisaye domin kada su lalata nasu masu tsada kafin ranar wasa.