Wasiƙa daga Birmingham: Idan Asusun Ƙaramar Hukuma Ya Ƙafe

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Da fatan kuna lafiya.

Tun da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ake ta murna, kuma abin murna ne. Sai dai ku ji halin da ake ciki a nan Ingila, inda babu gwamna a tsakani, amma wasu ƙananan hukumomin suka durƙushe.

Doka ta hana su tsara kasafin da ya fi ƙarfin kuɗin shigarsu. Idan ma'aji ya ga lissafi ba zai haɗu ba, dole ya fitar da sanarwar da ake kira sashe na 114, wadda ke nuna kuɗin ƙaramar hukumar ba za su isa ba. Daga ranar ba a taɓa ko kwabo kan sabon aiki sai wanda doka ta wajabta, kansiloli kuma su zauna kan batun cikin kwana 21. Northamptonshire ta fitar a 2018, Croydon a 2020, Birmingham a Satumban 2023.

Abu biyu suka kayar da Birmingham: haƙƙin mata ma'aikata da aka daɗe ana biya ƙasa da maza, wanda aka ƙiyasta zai kai fam miliyan 760, da manhajar kwamfuta ta Oracle, ta lissafin kuɗin ƙaramar hukumar, da aka yi wa kasafin fam miliyan 19 ta doshi miliyan 100. Gwamnatin Birtaniya ta turo kwamishinoni su sa ido kan yadda ake tafiyar da ƙaramar hukumar. Harajin gidaje, da a ƙa'ida ba ya ƙaruwa fiye da kashi 4.99 cikin ɗari sai da ƙuri'ar jama'a, ya tashi da kusan kashi 10 a 2024.

Abin da ya fi damuna shi ne inda wuƙar ke sauka. Kula da tsofaffi da masu naƙasa, renon yaran da aka raba da iyayensu, ba marasa muhalli masauki, duk wajibi ne, kuma masu buƙata kullum ƙaruwa suke. To sai a juya kan abin da ba tilas ba: a rufe cibiyar matasa, a rage kwanakin buɗe laburare, a rage hasken fitilun titi, a sallami ma'aikaciyar da ke ziyartar iyalai tun matsala tana ƙarama. Bayan shekara biyu, yaron da ziyara za ta ishe shi ya koma gidan reno mai cin dubban fam a mako, kuma asusun nan dai ne zai biya.

Don toshe giɓin, an ba Birmingham izinin sayar da kadarorinta, filaye da gine-ginen al'umma, ta biya buƙatun yau da kullum.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Birmingham