Sunan Jami'a da Abin da Ke Cikin Aji

Tun da 'yarmu ta fari ta samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a jami'o'i biyu, hirar gidanmu ba ta wuce wannan batu ba. Ɗaya daga cikinsu tsohuwa ce mai nisa, wadda duk inda aka ambaci sunanta sai an jinjina kai. Ɗayar kuma jami'ar gwamnati ce ta yankinmu, wadda ta yaye mafi yawan malaman makaranta da ma'aikatan jinya da muka sani, amma ba kasafai ake jin wani yana tutiya da ita ba. Mahaifiyarta ta karkata ga ta kusa. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, sunan ta nesa ne ya ɗauke mini hankali, domin akwai daɗi a tambayi uba inda 'yarsa take karatu ya ba da amsa ba tare da ya yi ƙarin bayani ba.

Da na ga gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai na zauna na binciki yadda ake gina wannan suna. Jerin da ke tsara jami'o'i bisa fifiko, wanda muke kafa hujja da shi, bai daɗe a duniya ba. Mujallar US News ta Amurka ta fara nata a 1983, kuma a farkon lamari ra'ayin shugabannin jami'o'i kawai ta nema. Jerin Shanghai, wanda wata jami'a ta ƙasar Sin ta fara fitarwa, ya bayyana a 2003, yana ƙirga waɗanda suka ci kyautar Nobel da maƙalun da aka buga a mujallu irin su Nature da Science. Na kamfanin QS na Birtaniya kuwa yana ɗora kaso mai tsoka na makinsa a kan abin da malaman jami'a ke faɗa game da takwarorinsu. Duk waɗannan ma'aunai ne na bincike da shahara, alhali yarinyar da za ta shiga ajin farko ba ta da tabbacin za ta taɓa haɗa ido da farfesan da ya jawo wa jami'ar wannan maki.

Jami'o'in yanki kuwa ba don wannan tsere aka kafa su ba. Da yawa daga cikinsu a Amurka sun faro ne a matsayin kwalejojin horar da malamai, a Birtaniya ma sai a 1992 aka mayar da kwalejojin fasaha jami'o'i. Aikinsu na asali koyarwa ne da samar wa yankinsu ma'aikata, don haka ba abin mamaki ba ne a same su can ƙasan jerin da ke auna wani abu daban.

Akwai wani bincike da ya sa na sassauta. Masana biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun buga nazari a 2002 inda suka kwatanta ɗaliban Amurka da suka samu gurbi a jami'o'i masu kama da juna, wasu suka zaɓi mafi tsauri wajen ɗaukar ɗalibai, wasu suka zaɓi wadda ba ta kai ta ba. Bayan shekaru, abin da ɓangarorin biyu ke samu a wurin aiki bai bambanta sosai ba, wato ƙwazon da yaro ya zo da shi ya fi sunan makarantar tasiri. Sai dai sun gano cewa 'ya'yan marasa ƙarfi sun fi amfana da babbar jami'a, mai yiwuwa saboda tana haɗa su da mutanen da gidajensu ba za su iya haɗa su da su ba. Saboda haka ban yarda da masu cewa suna ba komai ba ne. A ɗaya hannun, nazarin da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2017 ya nuna cewa Jami'ar Jihar Kalifoniya da ke Los Angeles, wadda ba ta cikin fitattu, ita ce kan gaba wajen kason ɗaliban da suka fito daga gidajen talakawa suka kai sahun masu samu da yawa.

Duk da haka, karatun da na yi bai amfane ni kamar yini guda da muka yi a harabar jami'ar ta kusa ba. Ba mu tsaya a ofishin da ake tarbar baƙi ba, kai tsaye muka nufi sashen da za ta shiga. A ɗakin gwaje-gwaje na tarar da ɗalibai uku uku a kan kowane tebur, wata malama tana zagayawa tana gyara wa wani yadda yake riƙe bututun awo, tana kuma kiran kowa da sunansa. Na tare wasu 'yan aji uku a bakin ƙofa na tambaye su ko malamai na shiga aji a kan lokaci, ko sakamakon jarrabawa na fitowa da wuri, da kuma inda waɗanda suka gabace su suka samu aiki. Sun amsa ba tare da rufa-rufa ba, har suka ƙara da abin da ban tambaya ba: ɗakunan kwana ba sa isar ɗalibai, kuma littattafan da ke ɗakin karatu sun tsufa, abin da na tabbatar da idona da na buɗe uku daga cikinsu.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci mahaifiyarta ce ta yi ta, ita ce ko hukumar tantance kwasa-kwasai da majalisar masu wannan sana'a sun amince da sashen. A ƙasashe da dama kwas ɗaya ɗaya ake tantancewa, ta yadda za a iya samun sashe mai cikakkiyar amincewa kusa da wanda nasa ke tangal-tangal a jami'a guda. Ga mai karatun magunguna ko likitanci ko lauya, wannan takarda ce ke buɗe ƙofar lasisin aiki, kuma babu girman suna da zai maye gurbinta. Shugaban sashen ya ciro mana kwafinta daga aljihun tebur, muka duba ranar da wa'adinta zai ƙare.

A hanyarmu ta dawowa ne ita mai karatun, wadda muka yi makonni muna magana a kanta ba mu saurare ta sosai ba, ta ce, "Baba, ka san ni ba na iya ɗaga hannu a cikin taro mai yawa. Idan malami ya san sunana, zan iya tambayarsa abin da ban gane ba." Na san gaskiya ta faɗa, domin halinta ke nan tun tana firamare. Ƙanenta kuwa, wanda ko a cikin mutum dubu sai an ji muryarsa, ba lallai ne in yi masa irin wannan lissafi ba idan lokacinsa ya zo.

Ba mu yanke hukunci ba tukuna, domin ba adalci ba ne mu ga ɗaya da ido mu auna ɗayar da jita-jita. Mahaifiyarta ta rubuta tambayoyin da muka yi a takarda, kuma mako mai zuwa za mu kama hanyar ta nesa, mu nemi ɗakin gwaje-gwajenta da 'yan ajinta na uku.