Abin da ɗakin girki ya koya mini game da firintar oda

Aikina haɗa na'urorin karɓar oda da kuɗi ne a gidajen cin abinci: kwamfutar da ke kan kantar karɓar kuɗi, akwatin kuɗi, da firintocin da ke fitar da rasit. Cikinsu duka, wadda ta fi koya mini darasi ita ce 'yar ƙaramar firintar da ake ajiyewa a ɗakin girki, mai fitar da takardar da ke gaya wa masu girki abin da aka nema da teburin da za a kai shi.

Yawancin masu gidan abinci firinta mai rubutu da zafi suke fara tambaya, kuma suna da hujja. Tana da sauri, ba ta ƙara, ba ta buƙatar tawada. A kan kantar karɓar kuɗi ni ma ita nake sa wa kowa. Matsalar tana jikin takardarta. An shafe fuskar takardar da sinadarin da ke yin baƙi idan ya ji zafi, kan firintar kuma ɗumama ƙananan ɗigo kawai yake yi har su zama haruffa. To takarda ba ta san bambancin zafin kan firinta da zafin murhu ba. A maƙala ta kusa da fitilar da ke ɗumama abincin da ke jiran ɗauka, kafin wani lokaci ta fara yin toka-toka daga gefen da ke fuskantar fitilar, sannan ta rine baƙi ƙirin. Idan kuma maiƙo ya taɓa ta, rubutun wurin ya dusashe. Na ga mai girki ya ɗaga irin wannan takarda sama yana karkata ta ga haske, yana neman gane ko tebur na 3 ne ko na 8, ga tukwane a wuta, ga masu kai abinci a tsaye suna jira. Tun daga nan nake tambayar mai wuri inda takardar za ta zauna bayan ta fito, kafin mu yi maganar samfurin da za a saya.

Firinta mai allura tsohuwar fasaha ce, kuma tsufanta bai rage mata daraja a wannan wuri ba. Kanta yana da allurai 9 a jere, suna dukan ribon mai tawada, ribon ɗin ya bar alama a kan takarda ta yau da kullum. Babu sinadarin da zafi zai tayar. Tururi zai iya lanƙwasa takardar, mai zai iya ɓata ta, amma rubutun yana nan ana karantawa. Waɗanda aka fi cin karo da su a wannan aiki su ne Epson TM-U220, Star SP700 da Bixolon SRP-275. Ta Epson tana buga layi kusan 5 zuwa 6 a daƙiƙa, wanda ba komai ba ne idan aka gwada da masu zafi da ke fitar da takarda milimita 200 ko fiye a daƙiƙa. Sai dai takardar oda gajera ce. Ban taɓa ganin girki ya makara saboda firinta ta ƙara daƙiƙa biyu ba.

Abin da na fi ƙauna a cikinta shi ne jan rubutu. Ribon ɗin launi biyu ne, baƙi da ja, don haka ana iya saita manhajar ta buga sunan abinci da baƙi, ta buga gargaɗi da ja: kada a sa abu kaza, a rage abu kaza, wannan baƙon jikinsa ba ya jituwa da abu kaza. Wannan na ƙarshen maganar rai ce. Mutumin da ke kula da tukunya huɗu a lokaci guda ba karatu yake yi a tsanake ba, kallo ɗaya yake yi wa takarda, kuma ja yana tsayar da ido. Amma sai an saita shi. Na shiga wurare da dama na tarar da ribon mai launi biyu a ciki, rabin jan sabo fil, domin babu wanda ya taɓa kunna shi a manhaja.

Ƙarar ma, da ake ɗauka aibi ce, a ɗakin girki amfani take yi. Fanka mai zuƙe hayaƙi tana ruri, ana sara, ana kira, amma kunnen mai girki ya saba da ƙarar allurai, yana jin ta ya san oda ta shigo ko bai juyo ba. Firinta mai shiru sai an haɗa mata ƙararrawa. Ga kuma takarda mai ninki biyu: bugu ɗaya ya fitar da kwafi, ɗaya ya tsaya wurin mai girki, ɗaya ya bi faranti. Mai zafi ba ta iya wannan sai ta buga sau biyu.

Kada dai a ɗauka cewa mai allura ba ta lalacewa. Akwatinta ba a rufe yake ruf ba, maiƙon da ke yawo a iska yana shiga, ya haɗu da ƙurar takarda da ta gari ya zama danƙo, ya riƙe wuƙar yanka ko hanyar da kan yake bi. Shi ya sa wurin ajiya ya kusa kai zaɓin samfuri muhimmanci a wurina. A kafa ta a bango ko kan kanta mai tsayi, nesa da wurin suya da bakin tukunyar da ke tururi, a sa mata murfin kare fantsama, wayar wuta kuma kada ta kwanta inda ake wanke ƙasa. Na fi son haɗa ta da kebul na sadarwa a kan barinta a Wi-Fi, domin ɗakin girki cike yake da ƙarfe, na'urar ɗumama abinci ta maikurowef kuma tana aiki a zangon 2.4 GHz, daidai inda Wi-Fi da yawa suke. A ba ta adireshin sadarwa da ba ya canzawa, in ba haka ba wata safiya kwamfutar karɓar oda za ta neme ta ta rasa.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ne ke sa a kira ni da dare. Faɗin takardar mai allura yawanci milimita 76 ne, na mai zafi 80, kuma mai sayayya yakan haɗa su wuri guda. Samfurin mai wuƙar yanka da kanta ya fi wa mai jiƙaƙƙen hannu sauƙi fiye da wanda ake yagewa. A tabbatar manhajar wurin ta san firintar kafin a biya kuɗi. Yawancin firintocin suna jin harshen umarni na ESC/POS, amma gwaji ya fi zato. Ribon kuma a hankali yake dusashewa, ido ya saba da shi har ba a lura, don haka nake roƙon shugaban masu girki ya ajiye na canji a kusa, ya kuma koya wa kowane ma'aikacin dare yadda ake ɗaura shi da yadda ake juya maɓallinsa har ya miƙe kafin a rufe murfi.