Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Lissafin Kwana

A makon jiya na tsaya ne inda Baban Yara ya miƙo mini takardata a 2016, ya bar ni a Manchester da yara biyu. Har na gama idda ko fam ɗaya bai aiko ba. Na kira Yaya a Kano ina kuka, ya ce, "Haƙuri za ki yi ƙanwata, ciyar da 'ya'ya wajibin uba ne, kowane alƙali ya san haka." Gaskiya ne, sai dai alƙalin yana Kano, mai gidan haya kuwa yana bakin ƙofata.

A masallaci aka ɗaura aurenmu, ba mu yi rajista ba, shi ya sa mutane suka yi ta ce mini ba ni da ta cewa a Ingila. Wata Anti 'yar Zariya ce ta zaunar da ni. Ta ce, "Ke 'yar nan, haƙƙin yara ne, ba ruwansa da takardar aure." Ita a zamanin CSA, tsohuwar hukumar karɓar wa yara kuɗin ciyarwa idan iyaye sun rabu, wadda aka kafa a 1993, ta yi nata faman. Daga 2012 aka kawo CMS, hukumar da ta maye gurbinta, lissafi ya sauya: suna duba albashin uba kafin a cire haraji, kuma daga hukumar haraji suke samo adadin, ba daga bakinsa ba. Ga mai matsakaicin albashi, kashi 12 cikin 100 ne na ɗa ɗaya, 16 na biyu, 19 na uku zuwa sama. Na biya fam 20 na buɗe fayil, kuɗin da aka soke a 2024.

Ranar da wasiƙa ta same shi ya kira. "Maman Yara, ƙarata kika kai wa Turawa?" Na ce a'a, lissafi na kai. Ya zaɓi ya riƙa turo mini kai tsaye, ba don Allah ba: idan hukuma ce ta karɓa, za ta ɗora masa kashi 20, ni kuma ta zabge mini kashi 4.

Sai ga sabon salo. Mutumin da ko ranar Sallah bai leƙo ba ya fara neman yara su riƙa kwana gidansa duk Asabar. Anti ta yi dariya har da tafa hannu. Ashe idan yaro ya kwana 52 a shekara wajen uba, ana rage masa kashi ɗaya cikin bakwai. Raina ya sosu ƙwarai, amma ban hana ba, don ƙaramin yakan dawo yana ta labarin Abba har ya yi barci. Ko da lissafi ne ya kawo shi, ubansu ne.

Muna cikin haka ƙanwarsa ta kira ni da daddare, ta ce, "Anti, kin san Yaya ya ajiye aiki zai koma Abuja?" Ikon CMS kuwa galibi ba ya bin wanda ya tattara ya bar ƙasar.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.