Daren da Na Nuna wa Kawu Fim ɗin da Ba Shi Ya Sani ba

Har yau abin yana cina idan na tuna, domin kuskuren daga hannuna ya fito, kuma a lokacin ina ganin alheri nake yi. Kawuna, wanda ya haura shekara 80, ya daɗe yana ba mu labarin Mughal-e-Azam, fim ɗin Indiya da K. Asif ya shirya aka fitar a 1960, wanda ya kalla a sinima a Kano yana saurayi. Sai na yi niyyar in tara yaran gidanmu, na aro majigi, mu kalle shi tare da shi a tsakar gida. Da na tashi nema na tarar da kwafi biyu, ɗaya baƙi da fari, ɗaya kuwa wanda aka sa wa launi da kwamfuta aka sake fitarwa a 2004. Ban tsaya tambayar kowa ba na ɗauki mai launin, ina cewa a raina yaran yanzu ba za su jure zaman sa'o'i uku gaban hoto marar kala ba.

Kawu bai ce komai ba har muka kai wurin da jaruma Madhubala, a matsayin baiwa Anarkali, take rawa a fadar madubai gaban Sarki Akbar, tana shelanta ƙaunarta ga ɗansa Yarima Salim cikin muryar mawaƙiya Lata Mangeshkar. A nan ya juyo ya ce da ni, "Ɗana, ina wurin da hasken yake buɗewa?" Ban gane ba sai da ya yi mini bayani. A fim ɗin asali kusan komai baƙi da fari ne, sai 'yan wurare kaɗan da aka ɗauka da launi, kuma wannan rawar tana cikinsu. Mutum ya daɗe idonsa ya saba da duhu da haske kawai, kwatsam sai ja da shuɗi da ruwan zinariya su cika allo, siffar mace guda ta bayyana a ɗaruruwan ƙananan madubai, daidai lokacin da baiwa take tsayawa gaban sarki ba tsoro. Ya ce a daren da ya fara ganin haka sinimar gaba ɗaya ta kaure da sowa. A kwafin da na kawo kuwa, tun daga farko komai launi ne, saboda haka rawar ta zo ta wuce kamar kowane fage, yaran ma ba su motsa ba.

Daga baya na bincika na gano cewa ba launi kaɗai aka taɓa ba, har tsawon fim ɗin an rage, daga minti 197 zuwa 177. Na kuma san hujjar masu kare aikin, cewa Asif da kansa ya so ya sake ɗaukar fim ɗin duka da launi, masu rarrabawa suka ƙi domin sun gaji da jira, tunda aikin ya faro tun shekarun 1940 kafin rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta dakatar da shi. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta sanyaya mini rai ba. Mai ɗaukar hoton, R. D. Mathur, ya auna fitilunsa ne domin baƙi da fari, kuma inuwar da ke faɗawa fuskar Dilip Kumar, jarumin da ya fito a matsayin Salim, an tsara ta ne a kan haka. Fenti da aka shafa bayan shekara 44 ba zai mayar da ita abin da ba a yi ta dominsa ba.

Duk wanda zai nuna wa wasu tsohon fim, ina roƙonsa ya fara duba shekarar kwafin da tsawonsa, ya san ko gyara lalacewa aka yi ko kuwa sauya kama, sannan ya tambayi dattijon da ya gan shi a zamaninsa kafin ya kunna. Ni ina da dattijon a gida ɗaya, amma ban tambaye shi ba.

Bayan mako biyu na kawo na asalin, muka zauna ni da Kawu. Da launin ya buɗe, tsigar jikina ta tashi ko da yake na san yana tafe, shi kuwa ya riƙe hannuna bai saki ba har waƙar ta ƙare. Yaran ba su zo ba, sun ce ai sun riga sun gani.