Ranar da na tsaya jiran sandar sarki

Da aka raba matsayi a wasan kwaikwayon Zumuntar Mata na cocinmu, ni aka ce in fito a Esta, sarauniyar nan ta cikin Littafi Mai Tsarki. Na yi murna, don a zatona aikin bai wuce in sha ado in zauna kusa da sarki ba. Mako shida muka yi muna gwaji kowace Alhamis da yamma. Da yake mu mata ne zalla, wata dattijuwa ce ta zama Sarki Ahasurus cikin babbar rigar maigidanta, mai fitowa a Haman, babban bafadan sarki, kuwa da gawayi muke zana mata gemu. Sandar zinariya ma muciya ce muka naɗe da takarda mai ƙyalli.

Matar fasto, wadda duk muke kira Mama, ta ce kada kowa ta hardace komai sai ta karanta littafin Esta daga farko har ƙarshe, sura 10 ne kacal. Na karanta a dare ɗaya, sai na ga ashe rabin labarin na sani. Marainiya ce, Hadassa sunanta na gida, ɗan baffanta Mordekai ne ya rene ta a Shushan, wadda kufanta ke ƙasar Iran a yau. A shekara ta 7 ta mulkin Ahasurus ta zama sarauniya, sai a shekara ta 12 Haman ya jefa ƙuri'a don zaɓen ranar da za a karkashe Yahudawa a larduna 127. Wato wajen shekara biyar tana cikin fada ba wanda ya san Bayahudiya ce.

Abin da ya fi damuna shi ne amsarta ta farko. Da Mordekai ya aiko mata ta je ta roƙi sarki, uzuri ta kawo: duk wanda ya shiga farfajiyar ciki ba a kira shi ba, kisa ne hukuncinsa sai fa in sarki ya miƙa masa sanda, ga shi kwana 30 ke nan ba a neme ta ba. Na ce a cire wannan wurin, yana rage mata daraja. Mama ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗiyata, in kika cire tsoron, me za ki nuna wa mutane ta ci nasara a kansa?" Na ja bakina na yi shiru.

Wata kuma ta kawo shawarar a sa murya daga sama tana ƙarfafa Esta. Nan ma Mama ta hana, ta ce mu duba, a littafin da ke hannunmu ba a ambaci sunan Allah ko sau ɗaya ba. Ba mala'ika, ba mafarki. Azumin kwana uku ne kawai, dare da rana, sannan Esta ta ce in ta hallaka ta hallaka. Na ɗauki alwashin in gwada azumin don in ji yadda ta ji. Ban kai ko'ina ba, rana ta biyu da la'asar na kafa kai a randa.

Mun kuma sha gardama a kan dalilin da ya sa ta shirya liyafa har biyu kafin ta tona asirin Haman. Wasu suka ce dabara ce, wasu suka ce bakinta ne ya yi nauyi a daren farko. Ni dai ina ganin duka biyun ne, don na san yadda ake zuwa da magana a baki a komo da ita.

Tafiyata ce kullum Mama take ƙorafi a kai. "Kamar mai zuwa cefane kike shiga! Mace ce da ta kwana uku ba ci ba sha, ba ta san ko za ta fito da rai ba." Na yi ta gyarawa, ba ta gamsu ba.

Ranar wasan coci ya cika maƙil. Na shigo na tsaya a gaban kujerar sarki, sai na ga dattijuwar tana lalube a gefenta. Babu sanda. Ashe wani yaro ya ɗauke ta yana wasa a bayan labule. Ba ni da abin faɗi, don a rubuce sarki ne zai fara magana, dokar kuma kowa a wurin ya ji ta minti biyar da suka wuce. Masu gadi biyu suka dubi juna, ɗaya har ta ɗaga takobinta na kwali. Ba wanda ya yi tari. Gumi ya bi bayana, gwiwoyina suka fara kaɗawa a ƙarƙashin zani, na tsaya dai, don ba inda zan koma.

Can sai aka turo muciyar ta ƙarƙashin labule, takardar ta yage a gefe guda. Sarki ya miƙo, na kai hannu na taɓa kanta, hannuna yana rawa da gaske. Bayan an tashi Mama ta zo tana warware mini ɗankwali, ta ce, "Yau kam kin tsaya daidai." Mai muciya kuma tana bakin ƙofa tana jira, wai ba ta tuƙa tuwon dare ba.